Yadda Ake Zaɓen Gam Don Haɗa Ƙananan Motocin Roba

Yawancin ƙananan motocin da ake kawo mini in duba, a wajen gam suka lalace tun kafin a kai ga fenti. Mutum ya samu kwalin mota mai kyau, ya buɗe ya ga sassa sun fi ɗari a maƙale jikin sandunan roba, sai ya aiki yaro shagon bakin layi ya sayo masa supa gulu. Kafin la'asar gilashin gaba ya yi fari, bamba ta kame a karkace, zanen yatsansa ya zauna daram a kan bonet. Kuma a nan Sakkwato idan sashe ɗaya ya lalace babu inda za ka je ka sayo madadinsa. Kwalayen kamfanonin Tamiya da Aoshima da Hasegawa daga Japan suke, Airfix daga Ingila, Italeri daga Italiya. Ko dai ka yi oda ta intanet ka jira makonni, ko wani ya riƙo maka tsaraba.

Ba a zaɓen gam don an ce yana da ƙarfi. Sassa biyun da za a haɗa ake dubawa, a gane da me aka yi kowannensu. Mota ɗaya mai ma'aunin 1:24, wato wadda aka rage girmanta sau 24 har motar da ta kai mita 4.8 ta koma santimita 20, tana iya cin gam iri uku ko huɗu kafin ta tsaya da tayoyinta. Haka babur na 1:12 da tankar yaƙi ta 1:35.

## Kayan da za ka tanada

Gam na farko, wanda zai yi mafi yawan aikin, shi ne mai narkar da roba. Kusan duk sassan da ke cikin kwalin da robar folistirin aka yi su, sau da yawa za ka ga haruffan PS a jikin sandunan ko a kwalin. Ita ce dai robar farar kumfar nan da ake kare firji da talabijin da ita. Wanda ya taɓa ganin masu toshe yoyon kwano suna jefa kumfar cikin fetur tana narkewa, ya riga ya fahimci aikin wannan gam. Narkar da fuskokin sassan biyu yake yi su cakuɗu, shi kuma ya bi iska ya tafi, ya bar su sun zama roba ɗaya. Shi ya sa ba ya kama ƙarfe, ba ya kama katako, ba ya manne yatsa.

Kauri uku yake zuwa. Akwai mai kauri sosai na cikin tiyub, irin na Humbrol da Revell. Akwai matsakaici, kamar Tamiya mai farin murfi da burushi a ciki, ko Revell Contacta Professional mai giram 25 da siririn bututun ƙarfe a baki. Sai tsinkakke kamar ruwa, wato Tamiya Extra Thin mai koren murfi, kwalbar mililita 40, ko Mr. Cement S. Idan ɗaya kawai aljihunka zai iya, sayi mai koren murfin. Na cikin tiyub ba na ba sabon shiga shawarar sa ko kyauta ne, domin da wuya ka matso daidai abin da kake buƙata, kuma yana jan zare ya faɗa inda ba ka so.

Na biyu supa gulu, wanda ko'ina ana samu, daga Babbar Kasuwa har teburin mai alawa. In ka samu mai kauri da ba ya gudu, ka haɗa da shi. Na uku farin gam na kafintoci, irin Top Bond, ƙaramar roba ta ishe ka shekara. Na huɗu efoksi mai tiyub biyu da ake cakuɗawa, irin Araldite. Nemi wanda yake bushewa garau, ka bar baƙin nan na kanikawa da suke toshe lagireto da shi.

Akwai waɗanda ba sa shiga wannan aiki. Evo-Stik na masu gyaran takalmi yana cin roba kuma ba ya taurin da za a goge. Sholishon masu faci na taya ne. Gam ɗin kyandir da ake narkawa a bindiga yana da kauri, zafinsa kuma yana lanƙwasa siraran sassa. Gam ɗin masu haɗa bututun ruwa yana narkar da folistirin, amma da ƙarfin da ya wuce kima, ga kauri. Idan ka ce wa mai shago kana neman gam, zai miƙo maka ɗaya ya ce, "Malam, wanga shi ka kama komi, har ƙarfe." Gaskiya ya faɗa, sai dai kai ba wanda ke kama komai kake nema ba.

Sauran kayan ba su da wuyar samu:

- abin yanke farce mai kaifi, ko ƙaramar filaya mai yanka
- sabuwar reza ko siririyar wuƙar yankan takarda
- samfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, wadda masu fentin mota ke gogewa da ruwa
- tsinken sakace da allura
- hantsaki don ɗaukar ƙananan sassa
- robar ɗaure kuɗi, abin maƙale shanya, da salatif na takarda
- murfin kwalbar lemo na ƙarfe, don ɗiga gam a ciki
- gwangwanin madara da ka zuba yashi rabi

Gwangwanin nan kada ka raina shi. A cikinsa za ka dasa kwalbar gam duk lokacin da take buɗe. Gwiwar hannu ɗaya ta isa ta kifar da kwalbar a kan bodin mota, kuma abin da ruwan ya taɓa ya tafi ke nan.

## 1. Ware sassan kafin ka buɗe kowane gam

Shimfiɗa duk abin da ke cikin kwalin a kan faranti ko farar takarda, ka kasa shi. Kashin farko sassan roba masu launi, su ne mafi yawa. Na biyu masu garau, wato gilashi da fitilu. Na uku masu ƙyallin kurom, kamar bamba da wili da madubi. Na huɗu tayoyi da duk wani abu mai laushi. Na biyar ƙarfe, ko sandar gatari ce ko siririn fallen tagulla da aka zana ƙananan sassa a jikinsa. Wasu kwalayen suna da sassan rezin, wata irin roba da ba folistirin ba, masu nauyi kaɗan, launin toka ko ruwan madara, waɗanda ke zuwa a maƙale da dunƙule maimakon sanda.

Daga nan karanta takardar bayani daga farko har ƙarshe ko da ba ka jin harshen. A shafin farko ana jera alamomi, cikinsu akwai wadda ke nufin kada a sa gam a nan. Zagaye duk inda ta fito da biro. Yawanci a wajen wili ne, da sitiyari, da bonet mai buɗuwa, da kan tanka mai juyawa.

## 2. Gwada gam a jikin sandar roba

Sandunan da sassan ke maƙale a jiki ba shara ba ne. Yanko guntaye biyu, ka haɗa su, ka taɓa musu gam, ka ajiye minti goma. In sun haɗe har sai ka sa ƙarfi kafin su rabu, kuma wurin rabuwar ya yi kaushi, to robar da gam ɗin sun dace. In suka rabu salin alin fuskarsu na sheƙi, robar wata iri ce. Wasu kamfanoni suna yin shasi ko sassa masu motsi da robar ABS, wadda ba kowane gam mai narkarwa ke kama ta da kyau ba. Tana da nata gam ɗin, in babu shi kuma supa gulu ya wadatar.

A wannan mataki ne za ka warware matsalar da ta fi damun mu a nan, wato rashin samun gam mai narkarwa. Ruwa ne mai kama wuta, shi ya sa masu aiko kaya ta jirgin sama sukan ƙi ɗaukarsa, kuma kada ka roƙi matafiyi ya saka maka shi cikin jakar jirgi. Nemi masu sayarwa a cikin ƙasa da za su aiko ta mota. Kafin ya iso akwai abin da zai riƙe ka.

Tinar masu fentin mota, irin mai ƙarfin nan da suke wanke bindigar feshi da ita, tana narkar da folistirin. Karɓo kaɗan a ƙaramar kwalbar gilashi mai murfi, ka gwada a jikin sanda. Ba duk tina ce ɗaya ba, wata an gauraya ta, don haka gwajin dole ne. Asiton zalla, wato sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, shi ma yana yi, sai dai a ma'aunin zafi 56 yake tafasa, a watan Afrilu kuwa da zafin garin nan ke haura 40 kusan kafin burushi ya isa wurin ya riga ya tashi. Shi kansa mai koren murfin kusan rabinsa asiton ne, sauran rabin wani sinadari ne mai jinkirin tashi, shi ke ba ka 'yan daƙiƙun da za ka daidaita sashe. Ruwan goge jan farce na mata galibi an sa masa mai da ruwa, ba ya haɗawa da ƙarfi. Kumfa da fetur kuwa ka bar wa kwanon rufi, ba ta bushewa da wuri kuma za ta ci gaba da cin robar. Idan da tina za ka yi aiki, siririn burushin zane mai gashin dabba za ka nema, domin wani mai gashin roba yana lalacewa a ciki.

## 3. Wanke, yanka, gwada ba tare da gam ba

Wanke sandunan gaba ɗaya da sabulun ruwa, saboda maiƙon da ya rage daga masana'anta yana hana supa gulu da fenti kamawa. Da ruwan randa, ba na tankin da ya sha rana ba. Shanya a inuwa.

Kada ka murɗe sashe da hannu. Yanke shi nesa kaɗan da jikinsa, sannan ka share saura da reza, ka bi da samfefa. Haɗa sassan biyu a bushe ka ɗaga su wajen haske. In ka ga haske na ratsawa, goge har su zauna. Gam mai narkarwa ba ya cike rami, sai fuska ta taɓa fuska yake aiki.

## 4. Haɗa roba da roba

Zauna inda iska ke shiga, taga a buɗe, amma ka kau da fanka daga kan teburin don kada ta busar da gam a bakin burushi. In an ɗauke wuta yi aiki da fitilar caji. Kyandir, aci-bal-bal, sigari da maganin sauro mai hayaƙi duk ka fitar da su daga ɗakin. Da bazara bayan sallar Asuba ko bayan Isha'i ya fi, lokacin da gari ya ɗan sassauta.

Da tsinkakken gam, ba a shafawa sannan a haɗa. Haɗawa ake fara yi. Ɗauki rabi biyu na inji, ka haɗa su daidai, ka riƙe da yatsu nesa da layin haɗin. Tsoma burushi, ka goge shi a bakin kwalba har ya daina ɗiga, sannan ka taɓa bakinsa a layin, wuri ɗaya tak. Za ka ga ruwan ya ruga cikin tsagar da kansa, yadda kananzir ke hawa lagwani, wani siririn duhu yana tafiya santimita biyu ko uku. Ƙirga zuwa goma, ka matse a hankali. Wani ɗan kumburin narkakkiyar roba zai fito a kan layin. Kada ka share shi, shi ne shaidar haɗin ya yi, kuma shi zai cike layin idan ka zo gogewa. Matsa gaba ka sake taɓawa har ka zagaye.

Haɗarin wannan gam a yatsa yake. Yadda yake bin tsaga haka yake bin ƙarƙashin yatsa, da ƙarƙashin salatif, da ƙarƙashin robar ɗaure kuɗi. Saboda haka sai bayan ka sa gam da kamar minti ɗaya za ka ɗaure, kuma in da hali ka taɓa gam daga ciki inda ido ba ya gani.

Matsakaicin gam na da nasa wurin: manyan fuskoki kamar kujera a kan daɓen mota, da sassan da ke da ɗan ƙusa mai shiga rami. Nan shafa kaɗan a gefe ɗaya, ka jira daƙiƙa kaɗan, ka haɗa. Yana ba ka lokacin juya sashe ya daidaita, abin da ke da amfani a zafinmu. Akwai kuma Tamiya Limonene da aka yi da sinadarin ɓawon lemo, ba shi da wari mai hawa kai kuma yana jinkirin bushewa, ya dace da mai aiki a ɗakin da iyali ke ciki. Idan bututun Revell ya toshe, zare shi daga kwalbar, ka tura siririyar waya ta ciki.

Yawan gam ba ya ƙara ƙarfi. Wanda ya taru a lungun da iska ba ta shiga yana ci gaba da cin roba kwana da kwanaki, sai wata safiya ka ga rami ya lotsa a kan ƙofar mota daga waje. Siraran abubuwa kamar sandar giya da abin share gilashi kuwa ɗigo ɗaya mai yawa ya isa ya kwantar da su.

Bayan minti goma sha biyar za ka iya ci gaba da aiki a kan sashen. Gogewa da samfefa kuwa sai washegari. Robar tana ƙanƙancewa yayin da gam ke fita daga cikinta. In ka goge da wuri wurin zai yi sumul a ranar, bayan ka yi fenti layin ya sake bayyana.

Inda rami ya rage, yayyanka sandar roba ƙanana ka zuba cikin ragowar gam a wata kwalba, ka bar shi kwana ɗaya ya zama kamar kunu. Ɗebo da tsinke ka cike ramin kaɗan kaɗan, ka ba shi kwana biyu.

## 5. Kankare fenti da kurom a wurin haɗi

Gam mai narkarwa sai ya taɓa roba tsirara. Kurom rufi ne na ƙarfe mai siriri ƙwarai, gam ba ya ratsa shi. Fenti kuwa narkewa yake ya zama taɓo ya raunana haɗin. Sa bakin reza a tsaye ka kankare daidai inda sassan za su taɓa juna har launin robar ya fito. In kana son cire kurom ɗin gaba ɗaya don ka yi naka fentin, jiƙa sashen cikin ruwan bilic irin Hypo ko Jik, ka riƙa dubawa har ya fita, ka ɗauraye sosai. Ƙananan abubuwan da ake ɗorawa a kan bodin da aka gama wa fenti, kamar madubin gefe da hannun ƙofa da lamba, da ɗigon farin gam ko supa gulu mai kauri ake sa su. Tsinkakken gam kada ya kusanci fentin da ka gama.

## 6. Ƙarfe da rezin

Nan ne wurin supa gulu. Kada ka taɓa matsa shi kai tsaye daga tiyub zuwa mota. Ɗiga a murfin lemo, ka ɗebo da bakin allura ko tsinke. Abin da ya rataya a bakin allura ya isa sashe ɗaya.

Danshi ne ke sa shi kamewa, shi ya sa yake manne yatsa nan take. Wannan yana nufin halinsa yana bin yanayin shekara. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe ƙayau, za ka riƙe sashe ka gaji bai kama ba, ka zaci jabu aka sayar maka. Kada ka ƙara wani, yawansa ƙara jinkiri yake. Hura masa numfashin bakinka sau ɗaya ko biyu daga nesa kaɗan. Da damina kuma kamawa yake kafin ka daidaita, don haka mai kaurin ya fi. Bekin soda da aka barbaɗa a kan ɗigonsa yana daskarar da shi nan take ya zama dutse, yana da amfani wajen ƙarfafa haɗi ta ciki, amma ka goge shi cikin awa ɗaya, bayan haka ya fi robar tauri.

Yana da ƙarfin ja, amma ba ya jure bugu daga gefe. Duk abin da zai ɗauki nauyin mota, kamar gatarin ƙarfe, ko bodin ƙarfe da za a haɗa da shasin roba, efoksi za ka sa. Matso daidai wa daida daga tiyub biyun a kan guntun kwali, ka cakuɗa da tsinke har launin ya zama ɗaya. Wanda aka rubuta minti biyar a jikinsa, a zafin Sakkwato bai kai haka, don haka kwaɓa kaɗan, kuma sassan su kasance a shirye kafin ka fara. Karce fuskar ƙarfen da samfefa tukuna.

Rezin gam mai narkarwa ba ya yi masa komai. Wanke shi da sabulu sosai, ka goge shi da jiƙaƙƙiyar samfefa don kada ka shaƙi ƙurarsa.

Kada ka share supa gulu da auduga ko bakin rigarka. Idan ya haɗu da auduga zafi yake yi har ya yi hayaƙi ya ƙona fata. In yatsunka suka manne, jiƙa su cikin ruwan ɗumi da sabulu ka riƙa murzawa, kada ka fizge. In ya shiga ido kada a buɗe da ƙarfi, a zuba ruwa mai tsabta a nufi asibiti. Tiyub ɗinsa ya yi kama da na maganin ido, kada su zauna wuri ɗaya a gida.

## 7. Gilashi da fitilu

Wannan ne matakin da nake roƙon ka bi a hankali, domin gilashi shi ido ke fara sauka a kai. Gam mai narkarwa yana dusashe shi har cikin jikinsa. Supa gulu kuwa ko bai taɓa shi ba, tiririnsa yana tashi ya sauka inda ya samu danshi da maiƙon hannu ya zama farin ƙasa-ƙasa. Da wannan tiririn ne masu binciken laifi ke fito da zanen yatsa. A cikin rufaffiyar mota babu inda tiririn zai fita, sai ya kwanta a gilashin ta ciki inda hannunka ba zai sake kaiwa ba.

Farin gam shi ne maganin. Wanke gilashin, ka riƙe shi ta gefe kawai. Zauna da shi a mazauninsa, ka riƙe da guntun salatif. Ɗebo farin gam da tsinke ka jera ƙananan ɗigo a gefen ta ciki, musamman wajen rufi inda ba a gani. In ya yi kauri sa masa ɗigon ruwa. Wanda ya fito waje share shi da jiƙaƙƙen tsinken auduga tun yana fari. Idan ya bushe garau yake komawa. Ba shi da ƙarfi sosai, amma gilashi ba ya ɗaukar nauyin komai, kuma in bai zauna daidai ba ɓare shi za ka yi ka sake. Da hunturu awa biyu ta isa, da damina bar shi ya kwana.

Fitilun gaba ma haka, ɗigo a gefe, ba a tsakiya ba. Ƙaramin ramin da bai wuce ƙwayar dawa ba, kamar agogon dashbod, ɗiga masa farin gam ya bushe ya zama gilashinsa. Akwai Revell Contacta Clear da Micro Kristal Klear da aka yi don wannan aiki, amma na kafinta yana yi. B-7000 na masu gyaran waya shi ma garau yake bushewa, sai dai yana da sinadarin narkarwa a ciki, gwada shi a sandar gilashin kafin ka amince.

In dole ta sa ka yi amfani da supa gulu a cikin mota, gama da shi ka bar bodin a buɗe kwana ɗaya kafin gilashi ya shiga.

## 8. Tayoyi da sassa masu motsi

Tayoyi sanya su ake yi, ba a sa musu gam. Haka 'yan baƙaƙen zobban roba masu santsi da ke cikin wili, babu gam ɗin da ke kama su, aikinsu su riƙe wili ya riƙa juyawa. Wasu tayoyin masu laushi suna fitar da wani maiƙo da ke cin wilin roba a hankali, zafi kuma yana gaggauta shi. Yi wa wilin fenti har inda taya za ta zauna, kuma kada ka bar taya kwance a kan gilashi ko bodi a cikin kwali.

Sarƙar tanka mai laushi iri biyu ce. Tsohon yayi ana shigar da ƙusoshinta cikin ramuka a narkar da kansu da bakin ƙusa mai zafi. Sabuwa tana karɓar gam mai narkarwa. Takardar bayani za ta faɗa maka. In ta tsinke ɗinke ta da baƙin zare ka ɓoye ɗinkin ƙarƙashin wili.

## 9. Gyaran ɓarna da ajiyar gam

Idan gam mai narkarwa ya zuba a bodi, ɗauke hannunka. Kada ka share, kada ka taɓa. Bar shi ya kwana, washegari ka bi da samfefa 600 sannan 1000 da ruwa, yawanci tabon zai ɓace ƙarƙashin fenti. Sashen da ka haɗa a karkace, sake taɓa tsinkakken gam a layin, ka jira rabin minti ya yi laushi, ka raba da bakin reza. Wanda aka haɗa da supa gulu saka shi cikin firiza kamar awa ɗaya, sanyi yana sa haɗin ya yi saurin ɓallewa. Kada ka sa asiton don cire supa gulu daga roba, zai ci robar kafin ya ci gam ɗin. Farin da tiriri ya bari a gilashi, in sama-sama ne, farin man goge baki da tsumma mai laushi suna rage shi.

Kwalbar gam mai narkarwa rufe ta duk lokacin da ka ajiye burushi, ko da za ka sake ɗauka bayan minti ɗaya. Ajiye ta a tsaye, a ƙasan ɗaki wuri mai sanyi, nesa da taga da kicin da hannun yara. Supa gulu sayi ƙananan tiyub, domin wanda aka buɗe ba ya daɗewa. Wanda ba a buɗe ba zai zauna a firji cikin leda, amma ka bari sanyin ya sake shi ya dawo zafin ɗaki kafin ka huda shi, in ba haka ba raɓa za ta shiga ta daskarar da shi. Wanda ka buɗe goge bakinsa da leda, ka rufe, ka saka a kwalba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Efoksi kada murfin tiyub ɗaya ya hau ɗayan, sa wa ɗaya alama da salatif tun ranar da ka saya.